Amosanin Jini: A Yi Gwaji Tun Magana Ba Ta Yi Nisa Ba

Akwai gidajen da shigowar hunturu ke sa gaban uwa ya faɗi. Yaron da ya yini yana wasa lafiya lau sai ya farka tsakar dare yana kuka, ya riƙe gwiwa ko ƙirji, a danna, a shafa man zafi, ciwo ya ƙi lafawa. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska. Sau da yawa tashin amosanin jini ne, wanda aka fi sani da sikila, kuma gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, suna kai kwana 120 kafin jiki ya sauya su. Na mai sikila kuwa, idan iskar da jini ke ɗauka ta ragu, sai su ƙandare su lanƙwashe kamar lauje, su cushe hanya. Cushewar ce ke jawo azabar ciwon ƙashi. Kuma kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu, shi ya sa ake fama da ƙarancin jini da rawayar ido, wadda akan ɗauka shawara ce.

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan lalura. Ana kiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu jinsin jininsa AS ne, wato ya gaji irin sikila daga ɓangare ɗaya kawai. Mai AS ba majinyaci ba ne. Yana iya tsufa bai san yana ɗauke da irin ba. Matsalar tana faruwa ne idan AS ya auri AS. Nan ne lissafi ke ruɗa mutane. Za ka ji saurayi ya ce, “Ai ɗaya cikin huɗu ne, idan mun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai fito da shi.” Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban: ana iya haifar uku a jere duk SS, wato masu sikila, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Haɗin AS da wani jinsin jinin, AC, ma yana iya ba da SC, wanda shi ma sikila ne. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar iri ɗaya ya haɗu.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. Mataki ne mai kyau, amma lokacin da aka yi gwajin shi ne komai. Idan sai an kai lefe, an biya sadaki, an raba katin gayyata sannan za a tafi asibiti, sakamakon ya zo a makare. A nan ne ake ɓoye takarda, ko a ce a bar wa Allah, a manta cewa shi ne ya ba da ilimin gwajin. A yi tun kafin kai kuɗin gaisuwa, a asibitin da aka yarda da shi, kuma a maimaita idan akwai kokwanto. Kada a haɗa gwajin jinsin jini da na rukunin jini na A, B ko O; gwaji biyu ne daban.

Wanda aka riga aka haifa da sikila kuwa, kulawa tana sauya rayuwarsa ƙwarai. Alamu kan fara bayyana wajen wata shida, sau da yawa da kumburin bayan hannu da ƙafa mai zafi. A yawaita ba shi ruwa, musamman da bazara. A lulluɓe shi lokacin sanyi, a yi masa wanka da ruwan ɗumi, ya kwana cikin gidan sauro, a kammala masa allurar rigakafi. Likita kan rubuta folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wasu kuma a ɗora su kan hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwo. Kada a sayo masa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kemis ba da izinin likita ba.

Zazzaɓi a jikin mai sikila ba na jira zuwa gobe ba ne. Haka numfashi sama-sama, ko ɗashewar tafin hannu, ko kumburin ciki ta hagu, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki: a garzaya asibiti nan take.

Masu sikila suna karatu, suna sana'a, suna aure, kuma idan suka auri AA, wato wanda ba ya ɗauke da irin, ba za su haifi SS ba. Iyaye su gwada 'ya'yansu tun suna firamare, su gaya musu sakamakon, domin kowane yaro ya tashi da sanin jininsa kafin zuciya ta zaɓi wani.