Yadda Korona Ta Taɓa Sana'o'i, Daga Tashar Mota Zuwa Rumbun Manomin Dirin Daji

A tsakiyar watan Maris na 2020 jihar Kebbi tana cikin hidimar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka dawo da shi bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, da kansa ya halarta, masauki ya yi wuya a Birnin Kebbi, masu abinci da direbobi suka yi ciniki. A lokacin an riga an samu mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da aka gano a Legas ranar 27 ga Fabrairu, amma yawancin mutanen Arewa suna jin labarin ne a rediyo a matsayin abin da ya shafi Sin da Turai. Ba a yi mako uku ba aka rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja, Kano ta bi a tsakiyar Afrilu, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli.

Kebbi tana cikin jihohin da alƙaluman hukuma suka nuna ƙarancin masu ɗauke da cutar. Saboda haka idan ka tambayi mutumin Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, ko ya ga korona, mai yiwuwa ya ce maka bai taɓa ganin wanda ta kwantar ba. Amma ka tambaye shi yadda ya sayi taki a daminar 2020, ko me ya sa ɗansa da ke ci-rani a Kudu ya daina aiko da kuɗi, sai ka ji bayani mai tsawo. Abin da ya kamata mu gane shi ne, ɓarnar da annoba ke yi wa tattalin arziki hanyar mota take bi, da kasuwa, da farashin dala, kuma tana isa garuruwan da cutar kanta ba ta kai ba. Sannan ba ta dukan kowa daidai. Wata sana'ar ta durƙusa, wata ta yi rangaji, wata kuwa kakarta ce ta yanke saƙa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watannin Afrilu zuwa Yuni na 2020 sun fito da wannan bambanci fili. Tattalin arzikin ƙasa gaba ɗaya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari. Sufurin jiragen sama ya faɗi da fiye da rabi, haka ma sufurin motoci. Otal-otal da gidajen abinci sun rasa kusan kashi 40. Gine-gine sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A daidai waɗannan watanni kamfanonin sadarwa suka ƙaru da kimanin kashi 18, bankuna ma suka ci riba, noma kuma ya ɗan matsa gaba da kashi ɗaya da rabi. Faɗuwar wani, tashin wani.

Mu fara da tashar mota, domin nan ne bugun farko ya sauka. Ƙasar Sakaba tana iyaka da jihar Neja, kuma mai zuwa Kontagora, ko Minna, ko Kudu, ta Neja zai bi. Jihar Neja kuwa tun ƙarshen Maris ta sa dokar hana fita. Mota ɗaya da ta kwana a tasha, ba direba kaɗai ta hana ci ba. Akwai yaron mota, da ɗan kamasho, da 'yan dako masu lodi, da mai faci, da bakanike, da mai sayar da man fetur a galan, da mai shayi, da yarinyar da ke tallan ƙosai a bakin taga. Dukansu na yau suke nema su ci yau, ba mai ajiyar da za ta kai shi mako biyu. A takarda doka ta ware motocin abinci da dabbobi da taki, ta ce su wuce. A kan titi kuwa shingaye suka yawaita, kuma direbobi a faɗin ƙasar nan sun yi ta kukan cewa a kowane shinge sai an tsaya an yi ciniki. Tafiyar kwana ɗaya ta koma kwana uku. Kuɗin da aka kashe a hanya ba daga aljihun direba ya fito ba a ƙarshe: an zaftare shi daga farashin da aka biya manomi, an kuma ɗora shi a kan mai saye a birni. Abin mamaki, a watan Maris gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga naira 145 zuwa 125, amma kuɗin mota hawa ya yi.

Batun noma shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin wannan ƙarin kashi ɗaya da rabi yana iya ruɗin mutum ya ɗauka manomi bai ji komai ba. Gaskiya ne damina ba ta san dokar kulle ba, kuma ba wanda ya hana mutumin Dirin Daji zuwa gonarsa. Sai dai manoma iri-iri ne. Wanda yake da dawa ko gero ko masara ko waken suya a rumbu yana iya jira, domin hatsi yana haƙuri. Mai tumatir da tattasai da alayyafo ba shi da wannan dama. Idan mota ba ta zo ba cikin kwana biyu, kayan sun lalace, sai ya karɓi duk abin da dillali ya taya. Masu albasa na Aliero da Yauri sun fi mai tumatir sauƙi, amma su ma ajiyarsu tana da iyaka, ga zafin bazara. Masu kiwon kaji sun shiga tsaka mai wuya: kaza tana ci kullum, tana yin ƙwai kullum, alhali makarantu da otal-otal da masu shayin dare da ke kwashe ƙwan duk an rufe su.

Ko cikin masu hatsin ma akwai bambanci babba, kuma a ganina nan ne ainihin rashin adalcin yake. Ƙaramin manomi ba ya ajiye hatsi har bazara. Yana sayarwa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, domin ga bashi, ga biki, ga kuɗin makaranta. Zuwa Afrilu da Mayu, lokacin da aka rufe hanyoyi, rumbunsa ya yi ƙasa, ya koma mai awo da mudu kamar ɗan birni. Wanda ya ci ribar tsadar shi ne mai jarin da ya saye da kaka ya jibge a sito. Masara ta yi tashin gwauron zabi a tsakiyar shekarar, har a watan Satumba gwamnatin tarayya ta fitar da tan 30,000 daga rumbunta don masu haɗa abincin kaji, bayan tan 70,000 na hatsi da ta ba da umarnin a fitar tun a watan Afrilu. Zuwa Disamba hauhawar farashin abinci ta kai kashi 19.56, a Maris na 2021 kuma ta kusa kashi 23. Kaɗan ne daga cikin wannan ƙari ya shiga hannun wanda ya riƙe fartanya.

Ga kuma lokacin da abin ya zo. Watannin kullen sun faɗo daidai da sharar gona da shuka a ƙasar Zuru, inda ruwa ke sauka da wuri fiye da Sakkwato. Lokacin ne ake neman taki da iri da maganin feshi. Sinadaran haɗa taki daga waje ake kawo wasunsu, kamar na ƙasar Maroko, maganin kashe ciyawa kuwa yawancinsa daga Sin da Indiya yake zuwa, kuma da dala ake sayensu. Taki idan ya makara da mako uku, amfaninsa ya ragu, ko da an rage farashinsa a takarda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Agusta da Satumba ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun Kebbi, jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a cikinta a Nuwamba 2015, kuma ƙasa ta dogara da ita tun da aka rufe iyakokin tudu a Agusta 2019.

Wani zai ce me ya haɗa Dirin Daji da ɗanyen mai? Albashi ne ya haɗa su. An tsara kasafin 2020 a kan dala 57 kowace ganga. Da jirage suka daina tashi, masana'antun duniya suka tsaya, farashin ganga ya faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, dole aka sake kasafin a kan dala 28. Kuɗin da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa kowane wata ya sauko daga wajen naira biliyan 780 zuwa wajen biliyan 547 cikin wata biyu. A garin da yake hedikwatar ƙaramar hukuma, albashin malamin firamare da ma'aikacin asibiti da na sakatariya shi ne ke motsa kasuwa a ƙarshen wata, shi ne ke biyan bashin mai kanti da mahauci. Bayan haka Babban Banki ya karya darajar naira daga 306 zuwa 360 a kan dala a Maris, daga baya zuwa kusan 380. Duk abin da ake shigowa da shi ya tashi: kayan gyaran babur, wayar hannu, magani, atamfa, kwanon rufi. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke sarin kaya a Sin da Dubai sun yi watanni ba tafiya, jiragen ƙasashen waje ba su dawo ba sai 5 ga Satumba. Mai shagon ƙauye da ke sari a Kano ya gaji wannan tsada, shi kuma ya miƙa ta ga mai saye.

Kuɗin ci-rani ma ya yanke. Matasan da ke acaba da gadi da dako da yankan farce a Legas da Abuja, su ne suka saba aiko da kuɗin taki kafin damina. A waccan shekara su aka riƙa aika wa, wasu kuma suka dawo a ɓoye cikin tirelolin kaya. Ko kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida, Bankin Duniya ya ce ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a 2020.

Sana'o'in da rayuwarsu ke kan taro ba sai an yi dogon bayani ba. Makaɗa da maroƙa, masu hayar rumfa da kujeru, masu ɗaukar hoto, masu girkin biki, duk sun zauna. An soke hawan salla a Kano da sauran manyan masarautu. Aikin Hajji na 2020 bai yiwu ga maniyyatan waje ba, kujeru 95,000 na Najeriya suka tafi a banza, tare da cinikin 'yan canji da kamfanonin jigila. Malaman makarantun kuɗi sun fi kowa shan wuya a ɓoye, domin takwarorinsu na gwamnati suna karɓar albashi suna gida, su kuwa mai makaranta ba ya biya sai iyaye sun biya, aka yi wata shida a haka. Tela ya rasa rabin ɗinkin ƙaramar salla, ya ɗan rage zafi da ɗinkin takunkumi daga ƙyallayen atamfa. Masu kiwon raguna sun yi sa'a, domin an buɗe hanyoyi wata guda kafin babbar salla ta 31 ga Yuli.

Waɗanda suka tashi fa? Mai sayar da kati da data, mai cajin waya, da masu na'urar POS. Shiga banki ya zama wahala, ana tara mutane a waje cikin rana ana shigar da su kaɗan-kaɗan, sai ɗan teburin POS da laimarsa a bakin kasuwa ya zama bankin gari. Wannan sana'a ba ta koma baya ba har yau. Masu kemis ma sun yi ciniki, kamar yadda masu gishiri da namijin goro suka yi a lokacin Ebola a 2014, lokacin da jita-jita ta sa mutane wanka da ruwan gishiri, mafarauta da masu naman daji kuma suka rasa kasuwa, alhali waɗanda suka kamu a duk ƙasar mutum 20 ne.

Gwamnati ta fito da tallafi: bashin naira biliyan 50 na Babban Banki ta bankin NIRSAL, da asusun ceto ƙananan sana'o'i na biliyan 75, da aikin wucin gadi na mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma a kan naira 20,000 a wata har wata uku. Matsalar ita ce yawancinsu ta intanet ake nema, da lambar BVN da asusun banki, wani har da rajistar kamfani. Wanda ya fi jin jiki, irin ɗan dako da mai ƙosai, shi ne ba ya da ko ɗaya cikinsu. Kayan abincin da ƙungiyar attajirai ta CACOVID ta tara kuwa, sai a watan Oktoba jama'a suka ga yawansu, lokacin da aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama.

Tattalin arzikin ƙasa ya fita daga koma-baya a ƙarshen 2020 da ƙarin da bai kai kashi ɗaya ba, amma ƙasar Zuru ba ta samu hutun farfaɗowa ba. 'Yan bindiga suka ɗora daga inda dokar kulle ta tsaya: kasuwanni suna tashi da wuri, gonakin nesa sun gagara, ƙauyuka sun watse. A Maris 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba a kwanton ɓauna guda. Duk wanda ya ce zai ware asarar korona daga ta rashin tsaro a wannan yanki, lissafin ba zai fita ba.

Wata annobar za ta zo, ko ta mutane ko ta dabbobi, kamar yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006. Kirana ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin masarautar Zuru shi ne su yi rajistar direbobi da 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i ta hannun ƙungiyoyinsu tun yanzu, su kuma shirya da jihar Neja yadda motar abinci da taki za ta wuce da takarda guda ba tare da tsayawa a kowane shinge ba. Manoma kuma, ku haɗa kai ku yi sito na ƙungiya, wanda zai ba mutum rance a kan buhunansa da kaka, don kada ya sayar da arha a Nuwamba ya dawo ya auna da tsada a Mayu.