Gajerun Kwasa-kwasan Jami'a na Kyauta ta Intanet: Rabon Ɗalibin Guci

Gajeren kwas na intanet darasi ne da jami'a ke tsarawa a kan fanni guda, ta rarraba shi mako-mako, ta ɗora a shafi domin duk mai so ya bi ba tare da jarrabawar shiga ba. Yakan ƙunshi laccar bidiyo, da rubutaccen bayani, da tambayoyin gwaji, da zauren da ɗalibai ke muhawara. Fannonin sun taɓo kimiyya da lissafi da tarihi da falsafa da kiɗa da nazarin harshe.

Tsarin ya faro a hankali. A 2001 cibiyar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta saki kayan koyarwarta ga kowa, a 2006 kuma Open University ta Ingila ta buɗe shafin OpenLearn. Abin ya bunƙasa a 2011, lokacin da Sebastian Thrun da Peter Norvig na jami'ar Stanford suka buɗe kwas a kan ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. A 2012 aka kafa Coursera da edX, sai Faransa ta biyo da FUN-MOOC a 2013, wanda galibin darussansa da Faransanci ne. Ɗaliban nazarin harshe ma suna da nasu kason: jami'ar Leiden ta Holan ta ɗora kwas na gabatar da kimiyyar harshe a Coursera, wanda Marc van Oostendorp ya koyar.

Koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a Nijar, domin tun 1964 aka fara gwada karantar da ƴan firamare ta talabijin. Bambancin shi ne a wancan lokaci hukuma ke kai akwatin aji, yanzu kuwa ɗalibi ne ke ɗauke da nasa a aljihu, shi ne kuma ke biyan kuɗin tafiyar da shi.

Guci ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Damagaram. Tana cikin gundumar Magarya har zuwa 2011, sa'ad da aka yanki Dungas aka mai da ta gunduma. Ɗan Guci da ke karatu a jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Abdou Moumouni ta Yamai yakan koma gida da dogon hutun damina, nesa da ɗakin karatu da malamai. Kwas na mako shida zai iya cike wannan giɓi, amma sai an tsallake shinge uku.

Na farko shi ne ma'anar kalmar kyauta. OpenLearn ba ya karɓar ko dala, yana kuma ba da takardar shaidar halarta. A wasu shafuka kuwa kallon darasi ne kyauta, takardar shaida sai an biya. Tun da kamfanin 2U ya sayi edX a 2021 kan dala miliyan 800 ta Amurka, ya bayyana cewa harkar ta zama kasuwa. Wajibi ne ɗalibi ya karanta sharuɗɗa kafin rajista, ya kuma sani cewa shaidar halarta ba digiri ba ce.

Na biyu shi ne data da wuta. Bidiyon sa'a guda yana cin ɗaruruwan megabait, alhali rubutun laccar nan ba ya kai megabait ɗaya. Mai hikima yakan sauke darussa tun yana birni inda layi ke da ƙarfi, ya fifita rubutu da sauti a kan bidiyo, ya raba wa abokai ta katin waya. Idan biyar suka haɗu a kan waya ɗaya, kuɗi sun ragu, an kuma sami abokan tattaunawa. Wannan yana da muhimmanci, domin binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente na 2019 a mujallar Science ya nuna cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu rajistar kwasa-kwasan MIT da Harvard suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Mai karatu shi kaɗai ya fi saurin sarewa.

Shinge na uku, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne harshen koyarwa. Mafi yawan kwasa-kwasan da Ingilishi suke, Faransanci na biye daga nesa. Wanda ya tsaya a kwaleji, ko malamin makarantar allo mai zurfin ilimi a Larabci da ajami, an rufe masa ƙofa ko da layi ya kai ƙauyensu. Alhali Hausa ta daɗe da shiga aji: an daidaita ƙa'idojin rubutunta a taron Bamako na 1966, an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da ita a Damagaram a 1973, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ayyana ta harshen ƙasa.

A nan aikin sashen nazarin harshe ya fito fili. Da yawa daga kayan OpenLearn da na MIT suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya halatta fassara da rabawa muddin an ambaci mai asali kuma ba don ciniki ba. Ɗalibai za su iya zaɓar kwas guda mai amfani ga manomi, kamar na ƙasar noma ko tsabtar ruwa, su fassara shi, su naɗi muryarsa. Za su ci karo da tambayoyi na gaske: a ari kalma ko a ƙirƙira? Idan za a ara, daga Faransanci kamar lakwal, ko daga Larabci kamar darasi? Wane kari za a bi, na Kano ko na Damagaram? Amsar da ta karɓu ita ce wadda mai sauraro a kasuwar Guci ya fahimta ba tare da tafinta ba, don haka can ya kamata a fara gwada fassarar kafin a ɗora ta a intanet.