Tirelar Kwana: A Ajiye Take Lalacewa

Duk wanda ya zauna a Ingila ko Amurka ya saba ganin ta idan zafi ya shigo: ɗan ɗaki mai tayoyi da mota ke ja, cikinsa da gado da murhu da banɗaki. Na hannu suna da araha, shi ya sa suke jan hankalin mai iyali. Sai dai tunda ba ta da inji, mutane kan ɗauka ba ta bukatar kulawa. A Ingila ma doka ba ta tilasta kai ta gwajin MOT na shekara-shekara da ake yi wa motoci ba, don haka in mai ita bai duba ba, babu wanda zai duba.

A fara da taya. Tayar tirela ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi. Wata da watanni tana tsaye wuri guda, rana na dukanta, roba na tsattsagewa, alhali zanenta na nan kamar sabuwa. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Ƙungiyoyin masu tirela a Ingila na ba da shawarar a canza ta bayan shekara 5, kada ta wuce 7 ko da kuwa ba ta taka ko'ina ba. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi. Duk lokacin da aka cire taya aka mayar, a sake ɗaure notuna bayan tafiyar kamar kilomita 80.

Boris ɗin taya ma haka. Ɗaga tirelar da jak, ka sa mata abin tokara, ka juya tayar da hannu. In ka ji gurnani ko tana girgiza, akwai magana. Irin wanda ake buɗewa yana son sabon giris duk shekara. A hanya kuwa, in ka tsaya shan mai, kai hannu kusa da tsakiyar tayar. In gefe ɗaya ya fi ɗayan zafi sosai, kada ka ci gaba.

Amma babban maƙiyin tirela ruwa ne, don ba ya sallama. Gam ɗin da ke toshe bakin tagogi da haɗin rufi yana bushewa ya tsage, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin bango, katakon ciki ya ruɓe. Kafin ka ga tabo, ɓarnar ta yi nisa. Shiga ka shinshina, ka danna kusurwoyi da yatsa, ka buɗe kabad-kabad. Na'urar auna danshi ba ta da tsada. In ta haura kashi 20 cikin 100, a bincika. Ni dai ba zan sayi tirelar da na tarar an fesa mata turare ba. Kafin hunturu kuma a zubar da duk ruwan da ke famfunanta, domin ruwa na kumbura in ya daskare, ya fasa bututu. Maganin hana daskarewa na mota guba ne, ba a zuba shi a layin ruwan sha.

Akwai inda hannunka zai tsaya. Kana iya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tukunyar gas ka ga ko zai yi kumfa, amma gyaran layin gas da wutar lantarki aikin mai lasisi ne. Mu da muka san yadda hayaƙin janareta ke hallaka iyali guda cikin dare a Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba: iskar mai kisa da ke cikin hayaƙin, wadda murhun gas ma kan iya fitarwa, ba ta da wari, tirela kuma ƙaramin ɗaki ce. Kada a toshe ramukan shan iska saboda sanyi, kada a shigo da gawayi ciki, a kuma gwada ƙararrawar gano wannan iska kafin kowace tafiya.