Kwamfuta a Makarantun Sakandare: Ina Kuɗin Wuta da Gyara?

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya. WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zana jarrabawa don ƙashin kansu. Ke nan, yaron da ya gama sakandare bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, an tura shi gona babu fartanya. A zauren jarrabawa za ka gan shi yana laluben haruffa, yana tsoron taɓa linzami kada tambaya ta ɓace masa, lokaci kuwa sai tafiya yake yi. Ya san amsa sarai, hannu ne bai saba ba.

Tunda gwamnati ce ta kawo wannan tsari, haƙƙinta ne ta wadata makarantunta da na'urori. Asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar NCC ya kafa cibiyoyin kwamfuta a makarantu da dama. Sai dai duk wanda ke zaga makarantun gwamnati ya san yadda labarin kan ƙare: ɗaki a garƙame da kwaɗo, na'urori a lulluɓe da leda sun sha ƙura, babu wuta, babu kuɗin man janareta, shugaban makaranta kuma yana gudun wani abu ya lalace a tuhume shi.

Ƙasashe biyu sun ishe mu darasi. A 2008 gwamnatin Kevin Rudd a Ostareliya ta ware fiye da dala biliyan 2 na kuɗin ƙasar, don kowane ɗalibin aji 9 zuwa 12 ya samu kwamfuta. Da tallafin ya ƙare a 2013, nauyin sauya waɗanda suka tsufa ya faɗa kan makarantu da iyaye. Ita kuwa Uruguwai, shirinta na Ceibal da ta fara a 2007 ya haɗa na'ura da intanet, da gyara, da horon malamai. Daga firamare ya kai sakandare, kuma har yau yana tsaye da ƙafarsa.

Don haka duk jihar da za ta sayi kwamfutoci, ta sa kuɗin sola da batir, da albashin malami da na mai gyara, cikin kasafin kowace shekara. A kuma tanadi darasi na kowane mako tun daga aji ɗaya, wanda kowane yaro da yarinya za su zauna su danna da hannunsu. 'Yan majalisa da ƙungiyoyin iyaye su riƙa tambayar sa'o'i nawa ɗalibai suka yi a kan na'urorin, domin da wannan ne za a san ko kuɗin al'umma ya yi amfani.