Kafin ka sayi injin zarto mai zamewa: abin da na koya a yawon kasuwa da kawuna

Kawuna kafinta ne a Maradi, shekara da shekaru yana yanka da zarton hannu. Bana ya samu aikin ƙofofi da tagogi da teburan ɗalibai na wata makaranta, da sharaɗin ya gama kafin a koma karatu a watan Oktoba. Da ya lissafa yawan yankan da ke gabansa sai ya ga hannu ba zai kai shi ba. Ya haɗa kuɗin kafin alƙalami da ɗan abin da ya tara, ya kira ni, tun da ni ne mai iya karanta Faransancin da ke jikin kwali.

"Ɗana," in ji shi, "kuɗɗin nan in suka tafi ba su dawowa. Zo ka zame min ido."

Abin da yake so shi ne injin zarton nan mai faifai da ake saukowa da shi kan katako, wanda ke yin motsi uku. Teburinsa na juyawa hagu da dama don yankan kusurwa. Kansa na kwantawa gefe don yankan karkace. Sannan kan na zamewa gaba da baya a bisa sanduna. Zamewar nan ita ce ake biya da tsada: inji mai faifan milimita 254 da ba ya zamewa bai cika wuce faɗin santimita 14 ko 15 ba, mai zamewa kuwa yana kaiwa wajen 30.

Huɗu a takarda

Na zauna da waya na tsamo samfura huɗu da aka fi ambata.

Na farko DeWalt DWS780, mai faifan milimita 305. Nauyinsa wajen kilo 25, yana juyawa digiri 50 hagu da 60 dama, kuma yana kwantawa ɓangare biyu. Abin da ake yaba masa shi ne fitilar da ke jefa inuwar faifan kan katako, ka ga daidai inda haƙori zai ci. Ko ka canza faifai, inuwar ba ta neman gyara. Sai dai sandunansa na fita ta baya, dole a bar masa fili tsakaninsa da bango.

Na biyu Makita LS1019L, mai faifan milimita 260 da ƙarfin wat 1,510. Sandunansa suna ta gaba, ana iya jingina shi da bango. Yana tashi a hankali, ba ya fizga, kuma layin yankansa na jan hasken leza ne.

Na uku Bosch GCM 12 GDL, milimita 305, wat 2,000. Shi ba shi da sanduna sam, hannu ne mai gaɓoɓi yake naɗewa yana miƙewa. Nauyinsa ya haura kilo 30, ba na ɗauka kan babur zuwa wurin aiki ba ne.

Na huɗu ƙaninsa, Bosch GCM 8 SJL, milimita 216, wat 1,600. Ya fi su sauƙin ɗauka, yana yanka faɗin da ya ɗan wuce santimita 30, amma kaurin da yake ci santimita 7 ne, kuma ɓangare guda yake kwantawa sosai.

Bayan waɗannan akwai na Ingco da Total, waɗanda suka cika shagunanmu kuma kuɗinsu ya fi sauƙi.

Ni dai zuciyata ta riga ta kwanta kan manyan nan na 305. Da na karanta wa Kawu, sai ya ɗauko wani guntun katako ya aza min a cinya. "Auna," ya ce. Santimita 8 ne kowane gefe, shi ne mafi kauri da yake aiki da shi. Nan take ƙaramin Bosch ya fita daga lissafi, domin sai an yanka an juya an sake yankawa. Manyan kuma suka zama ɓarnar kuɗi: faifansu ya fi tsada, ya fi jan wuta, kuma babban faifai ya fi saurin lanƙwasa a cikin jan katako mai tauri. Wannan shi ne darasi na farko, kuma ba a intanet na same shi ba. Auna katakonka kafin ka auna inji.

Wutar da za ta juya shi

A wani shago muka tarar da wani babba na hannu, fes da shi kamar jiya aka fitar, kuɗinsa kuma ƙasa da yadda muka zata. Kawu har ya fara taya shi. Na duƙa na karanta ɗan allon da ke jikin motar: volt 120, 60 Hz. Na Amurka ne. Wutarmu ta Nijar volt 220 ce, 50 Hz. Da an kai shi gida an soka, da hayaƙi ne zai ba mu labari.

Mai shagon ya ce, "Ai Alhaji sai a sa masa taransifoma." Gaskiya ne, ana yi. Amma injin da ke jan amfiya 15 ba ƙaramar taransifoma yake so ba, kuma kuɗinta zai cinye rangwamen. Akwai kuma na wuraren gini na Ingila masu volt 110, ana gane su da filogi ruwan ɗorawa. Su ma haka. Wanda zai sayo daga Kano, ta Jibiya, ba shi da wannan damuwar in injin na kasuwar Najeriya ne, don ƙarfin wutarmu kusan ɗaya ne, filogin kawai zai canza.

Sai batun janareto. Tun lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, kowane mai sana'a ya san darajar abin da zai juya aikinsa in layi ya ɗauke. Mota irin wannan, a daidai lokacin tashi, tana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinta. Ƙaramin janareto sai ka ji ya yi nishi ya mutu. A nan ne inji mai tashi a hankali da ƙarancin wat ya fi babba amfani gare mu.

Ramin faifai da sharbon

Wani abu da ba a faɗa a talla shi ne ramin tsakiyar faifai. Na kasuwar Turai yawanci milimita 30 ne. Na Amurka kuwa, mai inci 12 raminsa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, mai inci 10 kuma bai kai milimita 16 ba. In ka sayi injin da faifansa babu a garinku, ranar da haƙora suka dakushe aiki ya tsaya, sai ka aika Yamai, a yi maka cigiya a kasuwar Katako.

Haka ma sharbon ɗin mota, wanda ke cinyewa da aiki. Kawu bai ƙara taya inji ba sai ya tambaya: "Ina sharbon nasa? Nuna min in gani." A nan masu araha sukan yi galaba, domin kayan gyaransu na nan a kusa. Faifan kansa ma iri-iri ne: mai haƙora 24 zuwa 40 na yankan gaggawa, mai 60 zuwa 80 na aikin da ake so ya fito sumul, alminiyom kuma yana da nasa daban.

Gwajin da ba ya ƙarya

Kawu ya zo da guntayen katako a jaka. Duk injin da muka tsaya a kansa sai ya nemi a kunna. Ya ja kan zuwa ƙarshen sanduna ya girgiza shi gefe da gefe. In ya ji wasa, ya wuce. Sannan ya yanka katako gida biyu, ya kifa rabi ɗaya, ya haɗa bakinsu. In yankan ya kauce, giɓin zai nuna ninki biyu na kuskuren.

Na ce, "Kawu, rabin digiri fa ba komi ba ne." Ya dube ni. Firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne. Rabin digiri sau takwas digiri huɗu ke nan, bakin da ko manne da garin katako ba za su rufe ba. Mun gwada guda biyu iri ɗaya, sababbi a kwali, a shago ɗaya: ɗaya ya fito daidai, ɗayan ya kauce. Ashe ba suna kaɗai ake saye ba, wanda ke gabanka shi ne naka.

A ƙarshe Kawu ya ɗauki Makita LS1019L na hannu, mai volt 230, wanda ya ci gwajin. Faifansa ya tsufa, da wannan aka samu ragi, ragowar kuɗin kuma ya sayi sabon faifai mai haƙora 60 da sharbon na ajiya. Ban ce shi ya fi sauran ba. Shi ne ya dace da katakonsa, da wutarsa, da ƙunƙuntar rumfarsa. Mai aikin rufin ɗaki da manyan katakai zai iya zaɓar na 305, mai yawon gyare-gyare gida-gida kuma ƙaramin ya ishe shi.

Ranar da aka kafa shi, kafin a yanka ko guda, Kawu ya tara yaran shago. Murfin faifai ba a cire shi, ko da wa ya ce yana tare gani. Hannu ba ya matsowa ƙasa da santimita 10 daga haƙora. Ana jawo kan ne gaba, a saukar, sannan a tura baya. Wanda ya yanka yana jawowa, faifan zai hau katakon ya yo kansa. Sanduna kuma a goge su da tsumma kullum, kada a lafta musu giris, don ƙurar hunturu in ta manne sai ta ci ƙarfen.

Ƙaramin cikinsu ya tambaya yaushe za a ba shi ya gwada. Kawu ya miƙa masa tsintsiya, ya ce ya fara da share garin katakon tukuna.