Dausayin Haɗejiya da Nguru

Dausayi fili ne inda ruwa yake kwanciya na tsawon watanni bayan damina. Ɗaya daga cikin manyan dausayoyin Nijeriya yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe. A nan ne kogin Haɗejiya da na Jama'are suke malala, sannan su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake gangarawa zuwa Tafkin Chadi.

Kusa da ƙauyen Dagona, gwamnati ta keɓe wani yanki na dausayin domin kare tsuntsaye, ta kuma haramta farauta a cikinsa. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne hunturu, musamman da sassafe. Baƙo zai ga dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Zai kuma ga agwagin daji waɗanda suka guje wa sanyin Turai, suka ƙetaro Sahara domin neman abinci. Wajibi ne mai ziyara ya bi jagora, ya kuma guji hayaniya.

Sai dai dausayin yana cikin haɗari. Tun da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa a Jihar Kano, ambaliyar shekara-shekara ta ragu. Haka kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Idan dausayin ya ƙafe, ba tsuntsaye kaɗai za su rasa mafaka ba; masunta da manoman shinkafa da makiyaya ma za su rasa abin dogaro.