Ajin Share Fagen Lissafi: Abin da A Ke Koyarwa da Dalilinsa

Tun ran da aka manna sunayen waɗanda za su shiga ajin share fagen lissafi a allon sanarwa, na ga fuskar waɗansu ɗalibanmu ta sāke. Wani ma ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce, "Malam, ni fa Hausa da Tarihi na zo karanta, me ya haɗa ni da tarawa da ɗebewa? Ko an mai da mu 'yan firamare ne?" Na ce masa ya yi haƙuri zan ba shi amsa a rubuce, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Edita kuwa ya ba ni fili, to, ga amsar.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata shekara na tafi duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a wata makarantar firamare. Na sami wuri a bayan aji na zauna. Ɗalibin namu yaro ne mai himma, muryarsa na fita sosai, rubutunsa a allo kamar an buga. Sai ya rubuta 1/2 + 1/3, ya tara na sama ya sami 2, ya tara na ƙasa ya sami 5, ya ce amsa ita ce 2/5. Yara suka amsa baki ɗaya, suka kwafe cikin littattafansu. Ban tsai da shi ba, don ba a kunyata malami gaban almajiransa. Amma na fita raina a ɓace, ina tunanin yawan yaran da za su tafi gida da wannan kuskure, da yawan shekarun da zai yi yana maimaita shi. Shi ma ba lissafi ya zo karanta ba. Sai dai takardar NCE da duk ku ke nema ita ce mafi ƙarancin shaidar da a ke bukata ga mai koyarwa a Nijeriya, malamin firamare kuwa sau da yawa shi ke riƙe da ajinsa tun safe har a tashi, ba wanda zai tambaye shi ko Tarihi ya karanta kafin a miƙa masa alli.

Kada wani ya zaci waɗanda aka sa cikin ajin nan ba su iya lissafi ba ne. Sun iya ƙwarai. In na ce da ɗayansu, a ce mudun masara naira 1,300 ne, ka sayi mudu bakwai, ka ba da naira 10,000, nawa ne canjinka? Kafin in rufe baki zai ce naira 900. In na tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce dubu bakwai, da ɗari uku sau bakwai watau 2,100, ya zama 9,100, saura 900. To, wannan rarraba 1,300 da ya yi gida biyu ya ninka ko wanne dabam, babbar ƙa'ida ce ta aljabara, ga shi yana aiki da ita bai san sunanta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a kan takarda. Lissafin ka yana wuri ɗaya, lissafin alƙalami yana wani wurin, ba a taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ne ba. Na makaranta haddace shi ya yi, abin da aka haddace ba a gane ba kuwa ba ya daɗewa. Aikin wannan aji shi ne ya haɗa su.

Mu kan fara da gidajen alƙaluma, watau gidan ɗaya-ɗaya, da na goma-goma, da na ɗari-ɗari, har sama. In na ce a rubuta dubu uku da biyar, wani sai ya rubuta 305, wani 30005, alhali 3,005 ne. Nan mu ke nuna cewa sifiri ɗan jiran gida ne, yana tsare wurin da ba kowa don kada maƙwabci ya shige. Daga nan sai ɗigo. Da yawa su kan ce 0.25 ya fi 0.5, wai don 25 ta fi 5. Da na ce a mai da su kuɗi, kwabo 25 da kwabo 50, sai gardama ta ƙare. Ninkawa da rabawa ba mu kan daɗe a kansu ba, sai dai wanda jadawalin sau ya kwance masa ya koma ya ɗaure shi da kansa, wannan ba mai yi masa.

Wurin da mu ke shimfiɗa tabarma mu zauna shi ne lissafin kashi, su rabi da sulusi da rubu'i. Kakanninmu sun fi mu sabawa da shi. Kafin a sāke kuɗi zuwa naira da kwabo ran 1 ga Janairu 1973, sule ɗaya kwabo 12 ne, fam ɗaya kuma sule 20. Sha biyu kuwa tana rabuwa gida biyu, da uku, da huɗu, da shida, ba saura. Saboda haka ko yaron da a ke aike ya san rabin sule sisi ne, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo huɗu. Ba cewa na ke a koma wa sule ba, kuɗin yanzu ya fi sauƙin lissafi nesa ba kusa ba, amma ya ɗauke mana wani darasi da dā a ke samu kyauta a kasuwa.

Don haka ni da kiret ɗin ƙwai na ke koyar da shi, mai ƙwai 30. Rabin kiret 15 ne. Sulusinsa 10. In ka tara ka sami 25, watau kashi biyar cikin shida na kiret, 5/6 ke nan. Yanzu mu gwada amsar malaminmu na ɗazu: 2/5 na kiret ƙwai 12 ne. Ashe mutum yana da ƙwai 15, an ƙara masa 10, ya tashi da 12! Ko mahaukaci ba zai yarda da wannan ciniki ba. Dalilin kuskuren shi ne, lambar ƙasa ba yawan abu ta ke faɗi ba, girman yanka ta ke faɗi, gida nawa aka raba abin. Ba a tara rabi da sulusi sai an yanka su yanka iri ɗaya. Rabi sudusi uku ne, sulusi sudusi biyu, uku da biyu biyar, sudusi biyar. Wanda ya ga wannan da ƙwai sau ɗaya, ba ya sāke tara na ƙasa har abada.

Haka kuma rabawa. Ɗalibai su kan ɗauka in an raba abu dole ya ragu, don haka in suka ga 3 ÷ 1/2 ya ba da 6 sai su yi tsammanin an yi musu dabo. Tambayar kuwa ita ce, rabin mudu nawa za a auna cikin mudu uku? Shida mana. Ka'idar nan ta "juya ka ninka" gaskiya ce, amma ba na yarda kowa ya yi aiki da ita sai ya iya gaya mini abin da a ke tambaya.

Bayan wannan sai lambobin da suka gaza sifiri. Waɗannan ba su ba ɗalibin kwaleji wuya in an kira su da sunan da ya sani, watau bashi. Kana da naira 500, ana bin ka 800, ai arzikinka −300 ne. Ana bin ka 800, mai bashin ya yafe maka 300, an ɗebe bashi daga bashi, ka koma −500, ka matso sama ke nan. Ba ni na ƙago wannan misali ba. Wani masani na ƙasar Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta ƙa'idodin waɗannan lambobi da na sifiri, da dukiya da bashi kuwa ya kwatanta su.

To, yanzu ga wata 'yar tambaya, ko wane mai karatu ya gwada kafin ya ci gaba: 8 + 4 = □ + 5. Me za a sa cikin akwatin? Waɗansu su kan sa 12, waɗansu 17. Amsa 7 ce. Masu sa 12 sun ɗauka alamar nan mai layi biyu ma'anarta "ga amsa nan tafe". Ba haka ba ne. Wanda ya fara rubuta ta, wani likita mutumin Wales cikin ƙasar Birtaniya mai suna Robert Recorde, a shekarar 1557, ya zaɓi layi biyu masu tsawo ɗaya ne don su nuna daidaito. Alamar sikeli ce: abin da ke hannun hagu nauyinsa ɗaya da na hannun dama. A ganina wannan shi ne darasi mafi girma cikin ajin duka, gama wanda bai gane shi ba, aljabara za ta zame masa haddar dokoki marasa dalili.

Ga yadda sikelin ke kai mu ƙofar aljabara. Na sayi littattafai uku kuɗinsu ɗaya, mai kanti ya rage mini naira 200, na biya 1,300. Nawa ne kuɗin ko wane littafi? Abin da ba mu sani ba mu ba shi suna, mu ce x. Sai mu rubuta 3x − 200 = 1,300. Hannun hagu ya yi giɓin 200, sai mu cike shi, amma tun da sikeli ne, abin da aka ƙara wa hagu dole a ƙara wa dama. Ya zama 3x = 1,500. Mu raba ko wane hannu gida uku, x = 500. Da yawanku an koya muku cewa lamba ta kan tsallake alamar daidai ta sāke alama. Ba abin da ke tsallakawa. Ƙari aka yi wa hannu biyu, na hagu ya cike giɓi ya ɓace, na dama ya tsaya ana ganinsa.

Wannan cike giɓi shi ne asalin sunan fannin. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza, ya rubuta littafinsa wajen shekarar 820, ya kira wannan aiki al-jabr, kalmar da Larabawa ke faɗa wa ɗorin ƙashin da ya karye. Daga nan Turawa suka sami sunan. Shi bai yi aiki da x ba, da magana zalla ya rubuta lissafinsa, abin da ba a sani ba ya kan kira shi "abu". Harafin x sai a 1637 wani Bafaranshe, René Descartes, ya yaɗa shi. Babban kashi na littafin Alhawarizmi kuwa a kan rabon gado da wasiyya ya ke, inda rubu'i da sumuni da sudusi ke aiki. Ashe aljabara ɗori ce, ajinmu ma ɗori ne. Wanda ƙafarsa ta karye tun yana aji huɗu, ta haɗe a karkace, ba ya jin kunyar zuwa wurin maɗori don ya girma.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan aji ba. A Amurka, kwalejojinsu na shekara biyu sun daɗe suna sa sababbin ɗalibai cikin azuzuwan share fage, wani sai ya hau matakai biyu ko uku kafin ya kai lissafin kwaleji na sosai. Daga baya suka lura da yawa su kan gaji su bar karatun tun ba su kai ƙarshen tsanin ba. Saboda haka jihar Florida ta sāke dokarta a 2013, California kuma a 2017, aka rage tilasta wa ɗalibai bin wannan doguwar hanya, a wurare da yawa aka koma sa ɗalibi cikin babban aji ana ba shi taimako a gefe. Na yarda da rabin hujjarsu: share fage in ya yi tsawo ya kan zama shinge. Shi ya sa namu zango ɗaya ne tak, yana tafiya tare da sauran darussa, ba ya tsai da kowa. Amma ban yarda a yafe wa mai shirin zama malami shi ba. Wanda zai zama akawu yana iya dogara ga kalkuleta. Malami kuwa, wata rana yarinya za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don me ba a tara na ƙasa?" Kalkuleta ba ta da amsar wannan.

Ajin ya kan zauna Talata da Alhamis bayan la'asar. Ƙofa a buɗe ta ke ga wanda sunansa bai fito ba ma, musamman wanda ya sa 12 cikin akwatin nan na sama. A zo da littafin rubutu mai gida-gida, da fensir, da marafan kwalba talatin a madadin ƙwai. Kalkuleta da wayar hannu a bar su cikin aljihu, ba za mu neme su ba sai mun gama da kashi.